Gulob ɗin da na saya wa yara, yana da matsaloli amma ban yi da-na-sani ba

Jama'a ga abin da na gani game da gulob ɗin nan, wato ƙwallon taswirar duniya mai juyawa a kan ƙafa, wanda na saya wata uku da suka wuce a wani shagon littattafai nan Kano. Na san iyaye da yawa muna ganinsa a shago mu wuce, mun ɗauka kayan adon ofishin firinsifal ne kawai.

Abin da ya kai ni saye wata magana ce da muka yi da babbar 'yata, tana aji biyu na babbar sakandare ɓangaren kimiyya, kuma Alhamdulillahi yarinya ce mai ƙoƙari. Ana hirar ƙwallon Najeriya da Ghana sai ta ce ai Abba maƙwabtanmu ne iyakarmu ɗaya. Na ce ta lissafo min ƙasashen da muka yi iyaka da su, ta kawo Nijar ta kawo Kamaru sai ta tsaya, Chadi da Benin ba su zo mata ba sam, balle ta san Togo da Benin ne suka shiga tsakaninmu da Ghana. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na kwanta. Kuma ba laifinta ba ne, tun shigarta aji ɗaya aka ce musu labarin ƙasa zaɓi ne ba dole ba kamar Turanci da lissafi, sai ta ajiye shi, a ƙaramar sakandare kuma ɗan abin da ake taɓawa a cikin darasin soshiyal ne a wuce.

Mai shagon mutumin kirki ne, bai gaji da ni ba, ya sa yaronsa ya hau tsani ya sauko da guda uku daga can sama duk sun yi ƙura, ya goge min su da tsumma. Ya ce Alhaji wannan ai sai masu makarantun kuɗi ke tambaya, ba kasafai uba ke zuwa saya wa gida ba. Na ɗauki matsakaicin, girmansa kamar ƙwallon ƙafa, na roba ne, muka daidaita a dubu tara, na haɗa da taswirar Najeriya ta bango mai leda.

To bari na fara da matsalolin don kada wani ya saya ya zage ni. Ta farko kuma wadda ta fi ɓata min rai, Sudan a dunƙule take a jikinsa, babu Sudan ta Kudu babu Juba, alhali tun ranar 9 ga Yuli 2011 aka raba ƙasar, kun ga kenan tsohon zane ne ake ta bugawa ana kawo mana. Yaro in ya dogara da shi zai ce Sudan ce ta fi kowace ƙasa girma a Afirka, bayan yanzu Aljeriya ce. Swaziland ma tana nan da tsohon sunanta duk da tun 2018 ta koma Eswatini. Na koma shagon washegari ko zai canza min, muka duba ragowar tare duk kwali ɗaya ne, ya ce in ina so na karɓi kuɗina, na ce a'a bar shi. Da na dawo gida biro na sa na ja iyakar da hannuna. Sai kuma inda aka haɗa rabi da rabi a daidai layin ikwaita bai zauna daidai ba, Kenya da Gabon sun ɗan goce kamar an yanka an liƙa. Rubutun ƙanana ne ƙwarai sai na sa tabarau, ƙafar ba nauyi, yaro na juya shi da ƙarfi sai ya kife. Araha dai ba ta ado.

Amma fa abin da ya yi mana a gida ya fi dubu tara nesa ba kusa ba.

Daren farko aka ɗauke wuta, na ajiye shi a kan tabarma tsakar gida na kunna fitilar waya na haska gefe ɗaya na ce wannan ita ce rana. Na sa autana ya ɗora yatsa a kan Najeriya, yayarsa ta ɗora a kan Saudiyya, ina juyawa a hankali daga yamma zuwa gabas, suna kallo yatsanta ya shiga duhu nasa yana cikin haske tukunna. Sai yaron ya ɗago ya ce Abba shi ya sa Kawu yake shan ruwa kafin mu! Ƙanen mamansu ne yana aiki a Jidda, duk azumi sai ya kira mu ya riga ya yi buɗa-baki mu ko la'asar ce da sauran rana, sun sha tambaya ana ce musu ai sun riga mu da awa biyu, amma ba su taɓa ganin dalili da ido ba sai ranar. Na nuna musu layukan nan da suka sauko daga sama zuwa ƙasa, duk digiri 15 awa ɗaya ce, tsakanin Kano da Makka kuwa digiri talatin ne da ɗan ɗoriya. Ita babbar da kanta ta yi lissafin. Daga nan ta tambayi me ya sa aka kafa ƙwallon a karkace, ko lalacewa ya yi, na ce haka duniyar take, karkatar digiri 23 da rabi, ita ke kawo doguwar rana a Ingila lokacin zafinsu har azumi ya yi musu tsawo, mu da muke kusa da ikwaita bambancin kaɗan ne.

Wata rana kuma zaren ɗinkin mamansu muka ɗauka muka miƙe daga Kano zuwa Makka, ya ratsa Chadi ya ratsa Sudan ya tsallake Bahar Maliya, suka ga alƙibla ba gabas sak ba ce, akwai karkata arewa. Na ce musu hanyar da kakanninmu suka bi kenan a ƙasa da jakai da raƙuma, wasu shekaru suke yi, wasu ma ba su dawo ba suka zauna a Sudan, zuriyarsu na can har yau suna Hausa. Zaren yana nan manne da salatif sun hana a cire.

Taswirar bangon ita ba ni da ƙorafi a kanta sosai, jihohi 36 cif har da na 1996 irin su Zamfara da Gombe da Nasarawa, kuma ledar na goguwa. A kanta muka bi Kogin Kwara daga inda ya shigo ta Kebbi har Lakwaja inda ya haɗu da Binuwai, muka koma kan gulob muka nemo tushensa can tsaunukan Gini, ya zagaya ta Mali ya bi ta Yamai, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Binuwai kuma daga Kamaru yake fitowa, a kansa dam ɗin Lagdo yake, wanda duk damina za ka ji a rediyo ana gargaɗin za a saki ruwansa, kuma mun ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi wa garuruwan bakin kogi.

Nan ne nake ganin an cuce mu da aka mayar da darasin nan na ganin dama. Ƙasar da hamada ke cin gonakinta ta arewa, Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ya bar masunta da manoma da makiyaya suna rububin ɗan abin da ya rage, dam ɗin Alau ya fashe a Satumban 2024 ruwa ya shanye rabin Maiduguri cikin dare, mutane na ta gina gidaje a kan hanyar ruwa don ba wanda ya taɓa koya musu cewa ruwa ba ya manta hanyarsa, a ce a irin wannan ƙasa yaro zai gama sakandare bai taɓa riƙe taswira ba? Mu a zamaninmu har karatun layukan tudu da kwari aka koya mana, ka kalli takarda ka gane ina ne gangare ina ruwa zai kwanta. Na san za a ce darussa sun yi wa yara yawa kuma malaman ba su isa ba, gaskiya ne, amma ni a ganina ko sau biyu a sati ne a ware masa lokacinsa da sunansa, a wajabta shi tun daga firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare, kuma a fara da unguwar yaro da kogin garinsu kafin a kai shi Turai. Wanda zai zama injiniya ko likita ko ɗan kasuwa duk a kan ƙasar nan zai yi aikinsa. Na faɗi haka a taron iyaye da malamai na makarantarsu, wasu sun goyi baya, shugabar ta ce ba su ke tsara manhaja ba.

Wanda zai saya, ya fara duba Sudan tun a shago, in ya gan ta biyu to sabon bugu ne, ya duba haɗin tsakiya, ya girgiza ƙafar ya ji nauyinta, in da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki babba saboda rubutu. In irin nawa kaɗai ya samu ma ya ɗauka ya gyara da biro.

Jiya autan ya tambaye ni ina ruwan Challawa yake zuwa, na ce yana haɗuwa da Kogin Kano ya bi ta Wudil ya zama Kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru ya shiga Yobe har Tafkin Chadi, ya ce na nuna masa, gulob bai da shi taswirar bango ma ɗan siririn layi ne ba suna. Yanzu taswirar Arewa nake nema mai nuna koguna da madatsun ruwa dalla-dalla, na zaga shago huɗu ban samu ba tukunna, ran Asabar in Allah ya kai mu zan leƙa Zariya.