Sabuwar bindiga mai araha ko tsohuwar Wingmaster: abin da na gani a daji

Lokacin da na fara bin abokan aikina farautar tsuntsaye a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, aljihuna na duba, ban duba bindiga ba. Na shiga shago na ɗauko sabuwa fil ƙirar Turkiyya, irin wadda ake ja a tura bayan kowane harbi, a kan dala 230. Gaskiya shekarar farko ba ta ba ni kunya ba. Ga ta ba nauyi, inda ka saita nan take zuwa.

A shekara ta biyu ne na yarda araha ba ta ado. Wata safiya cikin Nuwamba, sanyi har yatsu ba sa lanƙwasuwa, tsuntsu ya tashi gabana, na harba, na ja, kwanson harsashi ya ƙi fita. Ashe ɗan ƙugiyar da ke fizgo shi ne ya karye. Abu bai kai farce ba! Mai gyara ya juya ta, ya ce sai an yi odar kayan. Mako bakwai ina jira, abokai na ta kawo nama ina kallo.

Mai gyaran ne ya nuna min wata bindiga Remington 870 Wingmaster ta hannu, wadda ta girme ni, dala 400. Na yi ta jan ƙafa, don itacen gindinta duk ƙwarzane ne, baƙin ƙarfen ma ya koɗe inda hannu ke riƙewa. Amma da na ja ta sau ɗaya na ji ta sulɓi kamar an zuba mata man shanu. Tun 1950 ake ƙera wannan samfurin, an sayar da fiye da miliyan 10, cikinta kuma daga dunƙulen ƙarfe aka sassaƙo shi. Saboda yawanta, kayan gyaranta ba sa wuyar samu a Amurka. Ta tuna min adakar kakana, wadda yake gogewa da tsumma kowace Juma'a ko bai fita ba.

Kafin in biya, mai gyaran ya sa na haska cikin bututun da tocila ko akwai tsatsa, na shafa bayansa da yatsa ko ya kumbura, na duba ko itacen ya tsage. Kada ka sayi ta hannu ba ka yi haka ba.

Tana da nata aibin. Harsashi mai tsawon inci 2¾ kaɗai take ci, bakinta kuma matsattse ne, ba a canza shi. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da harsashin dalma a Amurka, na ƙarfe kuwa bai dace da irin wannan matsattsen baki ba, dole na ƙara kuɗi na sayi wani bututun. Tana da nauyi kuma, yinin tafiya kafaɗa sai ta gaya maka.

Kaka huɗu ke nan ba ta taɓa maƙale min ba. Ta Turkiyyar tana nan an gyara, ita nake ba baƙo aro.