Arewa House Kaduna: wajen da ya kamata malamin tarihi ya kai ɗalibansa

Malaman tarihi ƴan uwana, in kuna Kaduna ko Zariya ko ma Kano, don Allah ku daure ku kai yaranku Arewa House da ke kan titin Rabah. Ni dai na kai ƴan ajina na sakandare kuma wallahi kuɗin motar da iyaye suka haɗa bai tafi a banza ba.

Gidan Sardauna Ahmadu Bello ne, nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, daga baya a 1970 aka mayar da shi cibiyar binciken tarihi ƙarƙashin jami'ar ABU, marigayi Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantar ta. Akwai ɓangaren hotuna da kayan Sardauna, yara suna son wannan sosai, amma ni abin da ya kai ni shi ne takardu, tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami da kuma takardun gwamnati na da.

Don kun san matsalarmu, littafin aji zai ce maka Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, an murƙushe boren garin Satiru a 1906, shi ke nan a haddace a rubuta jarabawa. Yaro bai taɓa tambayar wa ya rubuta labarin ba, Lugga, wato Lugard shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa a lokacin, ko wanda aka ci da yaƙi? Ko wasiƙar nan da Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya kafa hujjar yaƙi da ita, har yau masana na tantama a kanta, kuma irin wannan muhawarar ce nake so yara su shiga.

Ranar da muka je, wata yarinya ƴar Islamiyya ta tsaya gaban wani shafi na ajami tana bin layin da yatsa daga nesa tana haɗa baƙi, can sai ta ce "Malam ai Hausa ce!" duk ajin suka yo kanta.

Shawara, ku rubuta wa ma'aikatan gidan takarda tun kafin ku je, ku je ranar aiki da safe, ku raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da tambayoyinsa a rubuce, in ba haka ba hoto kawai za su yi ta ɗauka da waya. Ma'aikatan da suka zagaya da mu sun yi haƙuri da surutun yara, Allah ya saka musu da alheri.