Awarwaron azurfa mai ƙirga bugun zuciya: aikin wani maƙeri a Agege

Tun da likita ya ce in riƙa lura da yawan tafiyata da bugun zuciyata nake ɗaura ƙaramin agogon motsa jiki, irin wanda ake zare ƙwayarsa daga maɗaurin roba. Amfaninsa ba ya ɓuya, amma duk macen da ta taɓa shiga anko ta tsaya a gaban madubi ta san yadda baƙar roba take ɓata leshi da sarƙa. Wannan ne ya kai ni wurin wani dattijon maƙerin azurfa a Agege, na roƙe shi ya ƙera wa ƙwayar gida a cikin awarwaro.

Tunanin ba sabo ba ne, domin tun a 2014 kamfanin Fitbit na Amurka, mai ƙera irin waɗannan na'urori, ya haɗa kai da mai zanen kayan ƙawa Tory Burch suka fitar da munduwar ƙarfe da ake saka na'urar a ciki. Abin da nake son gani shi ne ko hannun maƙerinmu zai iya irin wannan aiki.

Baba, kamar yadda kowa yake kiransa a layin, ya fara da zanen da ya rufe ƙwayar ruf, sai da muka zauna na bayyana masa abin da ke cikinta. A bayanta akwai koren haske da yake shiga fata, na'urar kuma tana auna yadda jini yake shanye hasken a kowane bugu, saboda haka dole bayan ya kwanta a jikin fata ba tare da shamaki ba. Haka kuma saƙon Bluetooth da yake kai bayanai zuwa waya ba ya ratsa ƙarfe da kyau. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To Hajiya, ashe ƙawar ce za ta bi na'urar.” Ya bar ƙasan a buɗe, ya huda gefe biyu da zanen dagi, wanda ya zama ado kuma ya zama hanyar saƙo. A nan ne na fi yaba masa, domin ba kowane mai sana'a da ya tsufa a kan aikinsa yake yarda ya rushe zanensa saboda maganar mai saye ba.

Azurfar mai lamba 925 ce, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, ragowar yawanci jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Gogewar ta yi sumul, a wurin wani biki kuma ba wadda ta gane cewa na'ura ce sai da fuskar agogon ta haska.

Sai dai akwai abin faɗa. Ya yi alkawarin mako biyu, aikin ya kai wata guda. A karon farko awarwaron ya yi mini sako-sako kamar na gargajiya, yana yawo a hannu, ƙirgar bugun zuciya tana yankewa, sai da na koma ya sa maƙulli mai matsewa. Danshin Legas da gumi suna dusar da azurfar cikin 'yan makonni, dole a riƙa goge ta da ƙyalle mai laushi, kuma duk ranar caji sai an kwance wata 'yar ƙaramar ƙusa mai saurin ɓata kafin ƙwayar ta fito.

Kuɗin aikin ya ninka na agogon kansa. Ga mai neman abin ɗaurawa ranar biki ko suna, ya cancanci kuɗinsa. Ni dai da dare da ranakun aiki robata nake mayarwa, domin azurfar tana da nauyi a wurin barci.