Bokitin bayan tarakta: amsa ga Hamma daga Ohio

Assalamu alaikum Hamma. Ina fata kuna lafiya, da Inna da Baffa da yara duka. A gaida Adda da mutanen gidanta.

Na ji saƙonka na murya kan ƙaramar taraktar nan mai bokiti a gaba da ka gani a Facebook, wadda kake so don gonar Daɗin Kowa. Na duba farashi, kuma gaskiya ba zan ba ka shawarar sayenta ba. Kuɗin saye daban, na kwantena zuwa Legas daban, ga kwastan, ga motar da za ta ɗauko ta har Gombe. Ranar da tiyon haidrolik ɗinta ya fashe kuwa sai ka fara cigiyar wanda ya taɓa ganin irinta. Akwai wani ƙarfe da nake aiki da shi a nan wanda nake ganin ya fi dacewa da mu, kuma babu abin da zan aiko maka sai hoto da awo.

A bayan garin Columbus akwai wani dattijo Bature da nake taya aiki ranar Asabar idan ba ni da shifti a sito. Taraktarsa Ford 8N ce, irin da aka ƙera tsakanin 1947 da 1952, mai shan fetur, ƙarfinta bai kai doki 30 ba. Ta girmi Baffa, amma bugu ɗaya take tashi. An ƙera irinta fiye da 500,000, shi ya sa duk ƙauyen da ka shiga a nan sai ka ga ɗaya a rumfa. A bayanta yake rataya bokitin kwasar ƙasa, faɗinsa inci 30, yana ɗaukar abin da ya ɗan fi baro guda cike. Ba shi da inji, ba shi da tiyo, ba shi da waya. Farantin ƙarfe ne aka naɗe, aka sa masa baki mai kaifi, aka rataye shi a cikin firam yadda zai iya kifewa. Sakata ce ke riƙe shi, da igiya da ta taho har kujerar direba. Idan ka isa inda za ka zubar sai ka fizgi igiyar, nauyin ƙasar ya kifar da shi. Ka sauke shi ƙasa ka ɗan motsa, sai ka ji ƙas, sakatar ta koma wurinta.

Firam ɗin yana da fil a gaba da baya, don haka iri biyu ake ɗaura shi. Idan bakinsa na kallon tarakta, kana tafiya gaba yana yankar ƙasa yana cika, wannan shi ne na haƙa da share hanya. Idan ka juya bakin waje, da ribas kake shiga cikin tarin yashi ko taki ka ɗebo. Na biyun ya fi daɗin gani amma ya fi cin wuya, don yini za ka yi kana waige, da dare ka kwanta da ciwon ƙeya.

Sirrin aikin yana wurin sandar sama, wato ƙarfen nan mai zare da ke tsakiya a saman hannaye biyu na bayan tarakta. Ita ke saita yadda bakin zai ci ƙasa. Ka karkata shi da yawa ya nutse, tayoyin baya su tsaya suna juyi a banza suna haƙa wa kansu rami. Ka ɗaga shi da yawa ya riƙa sulɓewa a sama bai ɗebi komai ba. Dattijon yakan murɗa ta rabin juyi, ya gwada, ya sauko ya ƙara, har sai ya ga ƙasa na naɗowa cikin bokitin sannu a hankali a giya ta ɗaya. Wani abu kuma, bokitin bai kai faɗin tsakanin tayoyi ba, saboda haka idan ka yi ta bin layi guda sai ka haƙa kwata a tsakiya, zagaye na gaba taya ɗaya ta faɗa ciki tarakta ta karkace. Ana yanka ne sama-sama a faɗin wurin duka kafin a ƙara zurfi. Ita 8N tana da wata ɗabi'a: da ka taka kuloci haidrolik ya tsaya, sai ka sa giya a firi ka saki ƙafa kafin ta ɗaga kaya. Massey ɗin da ake haya a wajenmu ba lallai ta yi maka haka ba, amma ka tambayi direban.

Ka ja kunnen duk wanda zai hau. Bokiti cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana sa gaban ƙaramar tarakta ya yi sauƙi, ka juya sitiyari ta ƙi bi, a kan tudu ma tana iya miƙewa tsaye. Ana rataya ƙarafa masu nauyi a gabanta, a riƙe kayan ƙasa-ƙasa, idan hawa ya yi tsayi a hau da ribas. Kuma kada yaro ya ɗare a kan madigadi, abin da ka san yaranmu ba sa jin magana a kai.

Abin da ya fi burge ni a ƙasar nan ba ƙarfen ba ne, yadda komai ke shiga cikin komai ne. Wannan tsarin rataya mai ƙafa uku, wato hannaye biyu da sandar sama, wani mutumin Ireland ta Arewa mai suna Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro shi, ya haɗa kai da Henry Ford suka fito da shi a tarakta 9N a 1939. Sunansa ne a jikin Massey Ferguson da muke gani a hanyar Kumo da Deba. Daga baya aka daidaita girman fil ɗin aji-aji: na ƙananan tarakta kaurinsa milimita 22 a ƙasa da 19 a sama, na matsakaita 28 da 25. Saboda haka bokitin da aka saya jiya zai hau taraktar da ta shekara 70 ba tare da an kira mai walda ba. Fil ya ɓata a ciyawa, ka shiga shagon Tractor Supply ko ranar Lahadi, ga su nan a kwando kowane girma da lakabinsa. Kayan injin 8N ma har yau ana ƙera sababbi, ka yi oda ta intanet a kawo maka ƙofar gida. Tsohon bokiti kuwa a gwanjon kayan gona ko Facebook ake samunsa da araha, don masu hali sun koma bokitin gaba, sun bar na baya yana tsatsa a gindin shinge.

Akwai kuma lambar waya 811 a nan. Kafin ka haƙa ƙasa, ko a gidanka ne, doka ce ka kira ta kwana biyu na aiki kafin ranar. Sai a turo mutane kyauta su fesa fenti su kafa 'yan tutoci a kan abin da ke binne a ƙasa: ja wayar lantarki, rawaya bututun gas, shuɗi ruwan sha, ruwan lemo wayar sadarwa. Na tuna yadda ake haƙa fandesho a Pantami, sai diga ta fasa bututu ruwa ya yi tsiri sannan a san yana wurin.

Sai dai kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Bakanike a nan da awa ake biyansa, tun daga lokacin da ya bar shagonsa lissafi ya fara, kuma sai ka yi sati kana jiran layi. Sababbin taraktocin ma kwamfuta ce a cikinsu, wata matsalar sai dila ya zo da na'urarsa. Mu kuwa ka kira bakanike a waya ya hau acaɓa ya same ka a gona, ya kwance famfon mai a kan buhu ya mayar kafin la'asar. Mai walda a Gombe da ke ƙera garmar shanu da ƙofofin gida zai haɗa maka bokitin nan idan ya ga hoto, bakin kuma ya yi shi da tsohon sifirin babbar mota ko guntun wuƙar gireda. A nan lebura tsada ce da shi, shi ya sa dattijo mai ciwon gwiwa ke kwasar ƙasarsa shi kaɗai. A gida samari biyar da diga da shebur da baro za su yi aiki mai yawa, don haka idan nisan da za a kai ƙasar bai wuce taku kaɗan ba, su ka ɗauka. Bokitin yana cin riba ne inda akwai nisa: jan taki daga garke zuwa ƙarshen gona, cike bakin kwarin nan da ruwa ya fara ci ta gabas kafin ya zama irin zaizayar da ta addabi unguwannin Gombe, ɗebo yashin da ya toshe magudana, ko rage tudu a zuba a kwari kafin a yanka fangali. Aikin tifa da katafila kam ba nasa ba ne, kada wani ya ruɗe ka.

Matsalarmu ta gaske ita ce ƙananan tarakta ba su yawaita ba. Baffa zai ba ka labarin lokacin da kamfanin Steyr ke haɗa tarakta a Bauchi, amma yau abin da ke hannun masu haya yawanci irin Massey 375 ne mai doki 75. Ƙarfinta zai lanƙwasa bokiti marar kauri a karon farko da ya ci karo da saiwa. A faɗa wa mai walda ya ƙara kaurin farantin, ya ƙara faɗi, ya sa fil na milimita 28 idan ramin hannayenta ke nan. Mai tarakta kuma ya saba lissafin haro da hekta, wannan aikin sai dai ku yi cinikin yini, man a kanka.

Lokaci ma abin dubawa ne. Baƙar lakar wajenmu a watan Maris bokiti ba zai ko karce ta ba sai an fara bi da garma ko haro, a Agusta kuma za ta manne a ciki kamar tuwon da ya kwana a tukunya, ka ja igiya ya kife amma ta ƙi faɗowa. Ni ina ganin bayan an cire amfani, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa na da sauran danshi, masu tarakta kuma layin haro ya ragu, za su saurare ka.

Ka sa a auna maka ramin hannayen taraktar da za ka ɗauka, da tazarar da ke tsakaninsu, da tsayin da suke ɗagawa daga ƙasa. Ranar Asabar in sha Allahu zan ɗauki hoton bokitin ta kowane gefe da tef a jikinsa, musamman sakatar da inda aka huda ƙusar da yake juyawa a kai, don idan aka kuskure wurinta ba zai kife da kansa ba. Zan turo ta WhatsApp.

Ƙaninka.