Jirgin rimot na farko: me haruffan jikin kwali ke nufi?

Kafin ka biya kuɗi, karanta haruffan da ke jikin kwalin. RTF na nufin komai na ciki: jirgi, rimot, galibi har batir da caja. PNP jirgi ne da injinsa kawai, kai za ka nemo rimot, na'urar karɓar umarni da batir. BNF kuwa tsarin kamfanin Horizon Hobby ne, na'urar karɓar umarni na ciki amma sai da rimot irin na Spektrum. Akwai kuma ARF, wanda sai ka ƙarasa haɗa shi da kanka, da na katakon balsa da ake haɗawa da gam, waɗannan na masu hannu ne. Ga sabon shiga, RTF ya fi, ko da farashinsa ya ɗan ɗara, domin wanda ya sayi PNP bai sani ba zai zauna da jirgin da ba ya motsi.

Lambar da ke gaban CH tana faɗin abubuwa nawa rimot ke sarrafawa. Mai 3CH yana ba da wuta, ɗaga hanci ko sauke shi, da juya wutsiya. Mai 4CH ya ƙara ƴan marafan fiffike da ke karkata jirgi. Ni na 4CH nake ba da shawara, muddin yana da na'urar daidaita kai irin SAFE, don ba za ka gaji da shi da wuri ba.

Siffar jirgin ita ce babbar magana. Jirgin yaƙi mai fiffike a ƙasa yana ɗaukar ido, amma gudu gare shi kuma ba ya yafe kuskure. Mai fiffike a saman jiki, mai ɗan ɗagowa a gefuna, da kansa yake komawa daidai in ka saki sanda. Misali, jirgin AeroScout mai faɗin fiffike mita 1.1 farfelarsa na bayan fiffike, don haka in ya ci ƙasa da hanci ba ta karyewa. Apprentice mai mita 1.5 ya fi tsada, amma ya fi jure iska. Jikinsu na soso ne, gam na gyara shi.

Injin lantarki ya fi mai shan mai sauƙi nesa ba kusa ba. Batirin LiPo, irin da ake sa wa waɗannan jiragen, mai 3S (ƙwayoyi uku a jere) yana ba da bolt 11.1. Zafi maƙiyinsa ne: kada a bar shi cikin mota da rana, kada a yi cajinsa ba kowa a wurin, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi. Mai oda daga waje ya fara tambaya ko za a aiko da batirin, saboda akwai ƙa'idoji masu tsauri kan ɗaukarsa a jirgin sama.