TeX Live: manhaja mai kyau, amma tana jin maganar gado

Shekara shida ke nan da TeX Live, wato tarin manhajojin tsara rubutu na TeX, nake tsara rubutuna, kuma ban taɓa nadama ba. Tun 1996 ake fitar da shi, yanzu kuma duk shekara akwai sabo. In ka girka cikakkensa, da wuya ka nemi wani ƙunshi ka rasa. Shafin lissafi kuwa yakan fito tsaf, kamar daga maɗaba'a.

Sai ranar da na buɗe tagar umarni don haɗa babi na uku na kundina, pdflatex, umarnin da ke mayar da rubutu PDF, ya ce wai bai ga article.cls ba. Article fa! Fayil ɗin da kowane ɗan koyo ke farawa da shi. Abin da ya fi ɗaure min kai, in na buɗe editana ta danna alamarsa, komai lafiya lau. In na kira shi daga tagar umarni, sai ya cije. Har na fara shirin goge komai in sake girkawa.

Ashe ni na ɗaure kaina. Kwana biyu kafin nan na saka layi a .bashrc, fayil ɗin da tagar umarni ke karantawa in ta tashi, don TeX ya riƙa ganin fayilolin salona: export TEXINPUTS=.:$HOME/salo. Na manta ruwa biyu a ƙarshe. Wannan alamar ce ke gaya wa kpathsea, wato sashen da ke neman fayiloli, ya haɗa da hanyoyinsa na asali. Babu ita, sai ya watsar da abin da ke cikin texmf.cnf, fayil ɗin saitinsa, ya bi nawa kaɗai, domin saitin muhalli, irin TEXINPUTS ɗin nan, ya fi na fayil ƙarfi. Kuma duk manhajar da aka tayar daga wannan tagar gadon wannan saitin take yi, ita da duk abin da ta kira. Wadda aka buɗe ta alama ba ta bi ta .bashrc ba, shi ya sa ta tsira.

Umarnin kpsewhich -var-value=TEXINPUTS ne ya tona asirin, ya nuno min guntuwar hanyata tsirara. Na gwada env -u TEXINPUTS pdflatex, wato kiran pdflatex ba tare da saitin ba, babin ya fito nan take.

Abin da zan so a ƙara shi ne saƙon kuskuren ya riƙa faɗin inda aka duba, ba “ban gani ba” kawai ba. Amma kpsewhich kaɗai ya isa in ba wa TeX Live huɗu da rabi cikin biyar. Kafin in girka na baɗi, sai na fara duba ko akwai tsohon TEXMFCNF, saitin da ke faɗin inda texmf.cnf yake, da ya maƙale a wani lungu yana nuna babban fayil na bara.