Kafin ka sayi inbata domin moton rijiya a Saudiyya

A gonakin dabino na wajen Madina da Ƙasim, inda 'yan uwanmu da yawa ke kula da famfunan ban ruwa, kusan kowa ya koma amfani da inbatar da ke rage wa moto gudu ko ta ƙara masa, wadda masu shago ke kira VFD. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake zuba kuɗi duka a kan inbatar, a sayo ABB ko Schneider ko Danfoss, sai an zo kan waya da kayan kariya a tsuke hannu.

An taɓa kirana wata gona da sumo, wato famfon da ake zurawa da motonsa cikin rijiya, ya ƙone sau biyu cikin shekara guda. Mai kula da wurin, dattijo ne ɗan ƙasarmu, ya tare ni da cewa, "Malam, inbatar nan ce ba ta da kirki." Da aka buɗe moton a wurin mai naɗin koyil, sai ga zagayen farko na wayar, kusa da inda wuta ke shiga, ya yi baƙi ƙirin, sauran kuma jawur kamar sabo. Na ce masa, "Baba, inbata lafiyarta lau. Wayarku ta haura mita 150, kuma babu filta."

Ga dalilin. Inbata ba ta ba moto wuta lallausa irin ta layi, yanka ta take yi gutsi-gutsi, sau dubbai a daƙiƙa. Idan waya ta yi tsawo, kowane bugu yana isa moto ya dawo ya haɗu da na bayansa. A layin bolt 400, inbata na tara kusan 560 a cikinta, kuma a bakin moto bugun kan iya ninkawa ya wuce 1,000. Shi ke cin rufin koyil sannu a hankali. Don haka kafin ka tambayi farashi, auna wayarka daga akwati har ƙasan rijiya.

Filta iri biyu za a nuna maka. Ta dv/dt ta fi araha da ƙanƙanta, tana dakushe kaifin bugun, kuma ta wadatar idan waya ba ta yi nisa sosai ba kuma moton sabo ne mai rufin da aka yi domin inbata. Filtar sain ta fi tsada da nauyi, tana ɗan rage bolt, amma tana mayar da wutar kusan kamar ta layi, har kukan moto ya ragu. A ƙa'idata, sumo mai zurfi ko tsohon moton da aka sake wa naɗi, filtar sain nake sa masa, ko da mai gona zai yi ƙorafi. Hayar motar da za ta ciro sumo sau ɗaya ta isa ta sa shi nadama. Iyakar tsawon waya tana rubuce a littafin kowace inbata, kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A buɗe a duba.

Girman inbata kuwa da amfiya ake zaɓarsa, ba da kilowat ba. Sumo ya fi moton sarari mai kilowat ɗaya da shi jan wuta, saboda haka a ɗauki hoton farantin moton, wanda aka rubuta amfiyarsa a kai, a je da shi shago. Sai a ƙara lissafin zafi. Inbatoci da yawa cikakken ƙarfinsu yana tsayawa ne a digiri 40, wasu 50, alhali akwatin ƙarfe a ranar Yuli a Buraida ta Ƙasim ya wuce nan. Ko dai ka ɗauki wadda ta fi girma da mataki ɗaya, ko ka yi mata inuwa da fanka. Mai lambar IP20 ta fi sauƙin kuɗi amma dole ta zauna cikin akwati mai matatar ƙura. Mai IP55 ko IP66 tana jure ƙura da feshin ruwa da kanta.

Akwai kuma tarkon da ke kama wanda ya saba da aiki a ƙasashenmu. Wutar Saudiyya haz 60 ce, wato tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. Famfon da aka ƙera domin 50, idan aka sake shi a 60, gudunsa zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, amma ƙarfin da zai nema zai ƙaru da sama da kashi 70. A duba farantin, a ƙayyade wa inbatar iyakarta. Ta ƙasa ma haka: sumo ba ya son a bar shi ƙasa da haz 30, domin ruwa ne ke sanyaya shi, shi ne kuma man boris ɗinsa.

Ga moton sarari a masana'anta ko wurin tace ruwa, waya mai sulken tagulla ta fi, a ɗaure sulken da layin ƙasa, wato atin, a duka ɓangarorin biyu da maƙalli mai zagaye shi, kada a murɗe shi kamar jelar ɓera. Idan zai daɗe yana tafiya a hankali, fankar da ke jikinsa ba za ta ishe shi ba, a nemi mai fanka daban ko mai PTC, 'yar na'urar da ke jin zafi, a cikin koyil.

Bireka ko fis ɗin da ke gaban inbata waya da inbatar yake karewa. Moto kuwa sai ka shigar da amfiyar farantinsa cikin saitin inbata kafin ta iya kare shi. Na sha tarar da wannan saitin yadda ya fito daga kamfani, ba wanda ya taɓa shi. In moto biyu ne a kan inbata ɗaya, kowanne a ba shi obalod nasa, wato abin da ke katse wuta in moto ya ja fiye da kima. In za a sa na'urar katse wuta idan ta zurara ƙasa, ta inbata mai layi uku nau'in B ce, ta gida ba ta aiki a nan. Kafasitan gyaran wuta kuwa, in akwai su a tsohon akwatin, a cire su daga tsakanin inbata da moto tun kafin a kunna.